Saiti biyu, ɗaya na uba ɗaya na uwa: lissafin kuromosom da cikin matar yayana

Bara da damina matar yayana ta samu ciki na huɗu, tun wata na biyu take kwara amai ko ruwa ta sha ba ya zama, ga ciki wata uku amma in ka gan shi sai ka rantse ya kai biyar, har Hajiyarmu ta fara murna wai tagwaye ne dama akwai su a dangi. Sai jini ya fara ɗiga, baƙi-baƙi haka, yau ya zo gobe ya ɗauke. Aka kai ta sikanin, mutumin ya daɗe yana murza abin nan a kan mararta kafin ya ɗago ya ce mahaifa a cike take amma shi fa bai ga yaro ba. Da aka yi wankin ciki abin da ya fito wasu ƙananan ƙululai ne masu ruwa a ciki, jingim, kamar 'ya'yan inabi a jikin reshensu. Gwaggonmu da ta leƙa kwanon ta ce ƙwan kwaɗi ne.

Kun dai san gida. Kafin la'asar an gama yanke hukunci, wata ta ce aljani ne ya shanye ɗan, wata ta ce sammu ne, kuma Allah ya taimaka Anti, wato matar yayan nawa, ba ta da kishiya da tuni an san wadda za a rataya wa. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Tudun Wada, saboda haka Yaya ya kira ni ya ce, "Kai da kake koyar da irin wannan, zo ka ji abin da likitar nan take faɗa, ni kaina ya ɗaure." Likitar ta ce sunan abin mola, kuma tushensa lissafin kuromosom ne da ya karkace tun ranar da cikin ya shiga. Gaskiya na sha koyar da darasin nan a allo don yara su ci jarrabawa, amma ran nan ne na gan shi a kwanon asibiti.

Bari in fara daga abin da kowa a Kaduna ya sani, wato gwajin jinotaif da ake yi kafin aure. AA, AS, SS. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa kullum harafi biyu ne, ba a taɓa ba wani takarda an rubuta masa A shi kaɗai ko ASS ba? Dalilin shi ne umarnin ginin jikinmu a rubuce yake cikin wasu zarurruka da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, ana ce musu kuromosom, kuma saiti biyu muke da su, saiti ɗaya mai guda 23 daga uba, ɗaya mai guda 23 daga uwa, jimla 46. Kamar amaryar da dangin uba suka yi mata saitin kwanuka daga babba har ƙarami, dangin uwa ma suka kawo nasu saitin iri ɗaya, kowane kwano yana da ɗan'uwansa. Umarnin da ya shafi sikila yana kan kuromosom na 11, to kana da na 11 guda biyu, ɗaya ya ba ka harafin farko ɗaya ya ba ka na biyu. Mai AS yana yawonsa lafiya ne saboda ɗayan kwafin yana rufa wa ɗayan asiri.

Wannan 46 ɗin ma ba a daɗe da sanin sa ba. Fiye da shekara 30 littattafai suna cewa 48 ne, saboda wani masani a Amurka mai suna Theophilus Painter ya ƙirga haka a farkon shekarun 1920, kowa kuma ya bi, in mutum ya duba madubi ya ga 46 sai ya ɗauka shi ne ya yi kuskure. Sai a 1956 Joe Hin Tjio, haifaffen Indonesiya, da Albert Levan suka fitar da hotuna tsaf daga birnin Lund na ƙasar Suwidin aka ga 46 ne. Kuma kada wani ya ɗauka yawan lamba shi ne daraja, dankalin turawa 48 gare shi, ya fi ni da kai.

To tunda kowa 46 gare shi, in uba ya ba da 46 uwa ta ba da 46 ai ɗa zai tashi da 92, jika 184, abin ba zai tsaya ba. Shi ya sa maniyyi da ƙwan mace su kaɗai ne a jiki suke ɗauke da saiti ɗaya tak, 23. Akwai wani rabo na musamman da ake yi a maraina da kuma ma'ajiyar ƙwan mace, kowane kuromosom ya nemo ɗan'uwansa su jeru bibbiyu, sannan a ja ɗaya nan ɗaya can. Mai kiwon dabbobi ya san abin da ke faruwa in jeruwar nan ta ƙi, doki 64 gare shi, jaki 62, alfadarin da suka haifa ya tashi da 63, ƙarfi kamar me amma in an zo rabo kwanukan ba sa samun 'yan'uwansu, shi ya sa alfadari kusan ba ya haihuwa. A cikin 23 ɗin nan ne kuma ake samun na jinsi, mace XX namiji XY, ƙwan mace X kawai yake iya bayarwa, maniyyi ne yake zuwa da X ko Y. Saboda haka maigidan da yake ɗaure wa matarsa fuska don ta jera masa 'ya'ya mata biyar, daga wajensa saƙon ya fito, na faɗi haka a wajen suna saura kaɗan a kore ni.

Karkacewar lissafin iri biyu ce kuma ɗalibaina kullum sai sun cakuɗa su. Akwai a samu ƙarin kwano ɗaya ko ragin ɗaya a cikin saiti, 47 ko 45. Akwai kuma a samu ƙarin saiti sukutum, 69 ko 92.

Ta farkon ita ce aka fi gani a raye. In wajen rabo kuromosom biyu suka manne suka ƙi rabuwa, ƙwai zai fito da 24, maniyyi ya kawo 23, yaro ya tashi da 47. In na 21 ne ya zama uku, shi ne lalurar Down, sunan wani likitan Ingila John Langdon Down da ya siffanta ta a 1866, amma sai a 1959 a birnin Faris Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka nuna ƙarin kuromosom ne. Shi ya sa ma aka sa ranar tunawa da masu lalurar 21 ga wata na 3. Duk unguwa akwai irin yaran nan, fuska a ɗan shafe, ido a ɗan ɗage, harshe yana yawan leƙowa, jiki laɓo-laɓo tun suna jarirai, ga son mutane. Mu kuma sai mu haɗa su da duk wani yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa a kwando ɗaya, wani ya ce galahanga wani ya ce ɗan ruwa, a yi ta yawon gidajen masu magani da shi, alhali kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifar su, wasu ƙofa ce a tsakanin ɗakunan zuciyar wadda ake iya yi wa aiki, ga matsalar ji, ga kuma ta tayiroid, wani ɗan sashe ne a maƙoshi, wadda ake ganewa da gwajin jini a ba da ƙwaya. Kuɗin da ake kashewa a hayaƙi da rubutu na wata uku ya isa a yi hoton zuciya. A ƙasashen da ake kula da su yadda ya kamata yanzu suna kaiwa shekara 60.

Me ya sa na 21 aka fi gani? Don ƙarami ne, umarnin da ke kansa kaɗan ne, jiki yana iya jure ƙarin. Na 13 da na 18 in suka zama uku ana iya haihuwar yaron amma yawancinsu ba sa cika shekara. Na 16 shi ne aka fi samu a cikin da ya zube, ba ya kaiwa haihuwa. Na jinsi kuma suna da sauƙi, akwai mace mai 45 da X ɗaya tak, za ka gan ta gajeriya, sa'o'inta sun fara al'ada ita shiru, akwai namiji mai 47 da XXY, sau da yawa dogo ne lafiyayye ba wanda ya san komai sai an yi aure shekaru babu haihuwa, an gama jigilar matar asibiti-asibiti kafin a lallaɓa shi ya ba da maniyyi a auna.

Maganar shekarun uwa gaskiya ce amma a fahimce ta. Ƙwayayen mace tun tana cikin mahaifiyarta suka fara rabon nan sai suka tsaya a tsakiya, ba sa ƙarasawa sai watan da ƙwan zai fita. Ke nan ƙwan mace 'yar 40 shekara 40 ya yi a tsaye kuromosom ɗinsa a ɗaure da juna, igiyar ɗaurin kuwa tana sakwarkwacewa da daɗewa. A shekara 20 yiwuwar Down kamar 1 cikin 1,500 ce, a 35 kamar 1 cikin 350, a 40 kamar 1 cikin 100. Ku lura ko a 40 ɗin 99 lafiya lau. Kuma yara mata ma suna haifa, ba wani abu da uwa ta ci ko ta tsallaka ko ta gani da daddare.

Abin da ya fi taɓa ni da na koma karatu a kan wannan shi ne ɓari. Wajen rabin ɓarin da ake yi a wata ukun farko, in aka duba abin da ya fito, lissafin kuromosom ne bai daidaita ba. Wato cikin tun ranar farko ba mai tsayawa ba ne, ko ta ɗauki bokitin ruwa ko ba ta ɗauka ba, ko ta hau keke napep ta bi ramukan Rigasa ko ta kwanta a gado wata uku. Mata nawa ne suke ɗauke da wannan laifin a zuci har yau, wai da ban yi daka ba ran nan.

Yanzu karkacewa ta biyu, ƙarin saiti sukutum. Ƙwan mace da zarar maniyyi ɗaya ya shiga yake rufe ƙofa, amma wani lokacin biyu suna kutsawa tare, sai a samu 23 sau uku, 69. Ko kuma ƙwan ne bai yi rabonsa ba ya fito da 46 ɗinsa maniyyi ya ƙara 23. Irin wannan ciki kusan duk zubewa yake, ɗan kaɗan da ake haifa ba sa wuce awanni ko kwanaki. Abin mamakin shi ne 69 ɗin ba iri ɗaya ba ce. In saiti biyun na uwa ne, mabiyiya takan zama 'yar ƙarama, ɗan tayi a tsumbure. In na uba ne biyu, sai mabiyiya ta kumbura ta yi ƙululai, a samu ɗan tayi maras kyau a gefe, wannan ita ce rabin mola.

Ta Anti kuwa cikakkiya ce, kuma a nan ne na ce wa likita ta maimaita don ban yarda da kunnena ba. A cikakkiyar mola in ka ƙirga za ka samu 46 cif, lamba daidai. Sai dai duka na uba ne. Ƙwan ne ya zo babu saitin uwa a ciki, maniyyi ya shiga ya tarar da ɗaki wayam sai ya ninka nasa 23 ɗin, ko kuma biyu suka shiga. Ashe jiki ba ƙirga kawai yake yi ba, yana duba daga wane gida kowane saiti ya fito, akwai umarnin da sai kwafin uba ake karantawa, akwai wanda sai na uwa, na uba sun fi tura ginin mabiyiya, ba kuma a gina ɗan sai da na uwa. An gwada wannan a kan ɓeraye a 1984, aka haɗa ƙwai da saiti biyu na uba zalla ko na uwa zalla, ko ɗaya bai rayu ba. To in babu na uwa kwata-kwata sai mabiyiya ta yi ta girma ba birki, babu ɗa. Mabiyiya kuma ita take fitar da sinadarin hCG, wanda tsinken gwajin ciki yake kamawa a fitsari ya nuna layi biyu, a mola yana hawa sama sosai, shi ne aman nan da ya kusa kashe Anti, shi ne kuma cikin da ya fi watanninsa.

Wani zai ce to ai ƙarin saiti halaka ne ke nan. A ɗan tayin mutum e, amma je ka wajen mai kayan marmari. Ayabar da muke ci saiti uku gare ta, 33, shi ya sa ba ta da ƙwallo sai ɗan baƙin ɗigo-ɗigo a tsakiya, uku ba ta rabuwa biyu daidai, sai dai a dasa 'ya'yan da ke fitowa a gindinta. Kankana maras 'ya'ya ma haka ake yin ta da gangan, a haɗa mai 44 da mai 22 a samu mai 33. Gyaɗa saiti huɗu, 40. Alkamar burodi saiti shida, 42, wadda ake taliyar leda da ita saiti huɗu, 28. Dankalin Hausa shida, har 90. Tsirrai ko a jikinsu, sau da yawa ma ƙara musu girma yake. Yadda nake kwatanta wa yara shi ne miya, in baƙi suka ƙaru kika ninka komai, ruwa da kuka da daddawa da gishiri, miya ce dai ta yi yawa, amma in gishiri kaɗai kika ƙara rabi kin ɓata tukunya. Shi ya sa ƙarin kuromosom ɗaya kan iya fin ƙarin saiti ɓarna a ƙwayar halitta.

A jikinmu ma akwai wuraren da ake ninka miyar da gangan. Hanta tana da ƙwayoyi masu saiti huɗu har takwas, kuma suna ƙaruwa in mutum yana manyanta. Tsokar zuciya ma akwai. A cikin ɓargo akwai wasu manyan ƙwayoyi da suke ninkawa ba tare da sun rabu ba, yawanci har saiti 16, su yi ƙato sannan su riƙa ɓantarowa, ɓarɓashin nasu shi ne yake daskarar da jini in ka yanke. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa sifili, sun zubar da nasu gaba ɗaya don su samu wurin ɗaukar iska, shi ya sa in za a ƙirga wa mutum kuromosom fararen ƙwayoyin jini ake rainawa kwana biyu zuwa uku a ɗakin gwaji, a tsayar da su a tsakiyar rabuwa, a ɗauki hoto a jera su daga na 1 zuwa na 22 sai na jinsi a ƙarshe.

Sai kansa, wato ciwon daji. Tun 1914 wani Bajamushe Theodor Boveri, wanda ya yi shekaru yana kallon abin da ke faruwa in maniyyi biyu suka shiga ƙwan wata halittar teku mai ƙaya, ya ce yana zaton ciwon daji daga rikicewar kuromosom yake farawa, ba a kula shi sosai ba a lokacin. Yau an san yawancin ƙullutun kansa lissafinsu a hargitse yake, wata ƙwayar 60 da wani abu wata 80, da yawa ma sai sun ninka saitinsu zuwa huɗu sannan su yi ta zubar da wasu. Likitoci har amfani suke yi da ƙirgar. A kansar jinin da ta fi kama yara, in ƙwayoyin cutar suna da fiye da 50 alama ce mai kyau, sun fi jin magani, in kuwa ƙasa da 44 ne an san sai an ƙara wuta.

Ita mola a bakin wannan ƙofar take tsaye, shi ya sa likitar ta fi daɗewa a kan abin da zai biyo baya fiye da abin da ya wuce. Bayan wankin ciki, a cikin mata 100 masu cikakkiyar mola wajen 15 zuwa 20 ragowar ƙwayoyin ba sa mutuwa, sukan ci gaba da cin bangon mahaifa, wasu su rikiɗe su zama kansar da take gudu zuwa huhu. Labari mai daɗi shi ne tana cikin kansar da aka fi iya warkarwa, tun 1956 a Amurka Min Chiu Li da Roy Hertz suka warkar da mace da maganin methotrexate bayan cutar ta riga ta bazu, kuma mata da yawa suna haihuwa bayan maganin. Amma sai an kama ta, kamawar kuma da gwajin hCG ne a jini, a yi ta maimaitawa har ya sauka ƙasa ya zauna. Likitar ta kalli Yaya ta ce, "Alhaji, don Allah kada ta ɗauki wani ciki sai na sallame ku, in ta samu ciki sinadarin zai hau, ba zan san ko ɗa ne ko ciwon ne ya dawo ba." Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne matan da suke ɓari a gida ko a wani ɗan ɗakin shan magani, a binne abin da ya fito ba wanda ya kai shi a duba, bayan wata biyar jini ya ƙi tsayawa ga tari, a yi ta ba ta maganin tarin fuka.

Rigimar da muka sha a gida ba ta asibiti ba ce, ta tazarar ce. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa jin an hana mace haihuwa don ta yi ɓari ba, gwaggo ta ce ai ciki shi yake wanke ciki. Na ɗauko kwanukan Hajiya na cikin kabad na jera mata a tabarma, saiti biyu, na kwashe ɗaya na ninka ɗayan, ta kalle ni ta ce, "Kai dai mayar mini da kwanukana inda ka gan su." Amma ta daina maganar. Anti ta yi ta zirga-zirga daga Kawo zuwa ɗakin gwaji, da farko duk sati daga baya duk wata, kowane zuwa da kuɗinsa, Yaya yana ajiye takardun a cikin wata tsohuwar ambulan ta kuɗin wuta, lambar hCG ta farko tana da sifili-sifili har ban iya karanta ta da kallo ɗaya ba, ta ƙarshe kuma da aka karɓo bayan ƙaramar sallah an rubuta ƙasa da 5.